Girman da Muka Yi wa Barka

Labarin ya iske ni da hantsi, ina zaune a barandar gidana a Lafiya, ina duba rubutun wani ɗalibi da na yi wa alkawarin karantawa duk da cewa na ajiye aiki. Na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, amma aka daɗe ba a yi sallama ba. Da aka yi, sai na ga Malam Audu ne, ɗaya daga cikin manoman Kwandere da ɗana yake aiki da su. Ƙafafunsa duk laka ce. Ya cire hula, ya durƙusa nesa da ni, ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya sake tambayar gida.

"Baba Farfesa," in ji shi, "Malamin gona ya faɗi a cikin doya. Mun sa shi a keke mai ƙafa uku mun nufi asibiti. Baba, ka yi haƙuri. Kafin mu kai, Mai abu ya karɓi abinsa."

Na ce na Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Na sa alƙalami a shafin da na tsaya, na rufe rubutun, na ce wa Malam Audu ya sha ruwa tukuna. Daga baya an yi ta faɗa a wurin zaman makoki cewa Farfesa ya nuna tawakkali irin na malamai. Ban gyara wa kowa ba. Abin da ya faru shi ne ban san abin da zan yi da hannuwana ba in ban da wannan.

Sunansa Mustafa, sunan mahaifina, saboda haka ba a taɓa kiran sa da shi a gidanmu ba. Abba muke ce masa. Shi ne ɗana na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Mahaifiyarsa ta riga shi tafiya da shekaru, ƙannensa mata suna aure a nesa. Ya bar mata, Salamatu, da 'yar ƙaramar yarinya da muke kira Ummi. Ina rubuta wannan ne domin waɗanda suka tako ƙafa suka zo mana ta'aziyya da waɗanda suka aiko. Akwai kuma wata magana da ta shiga danginmu game da matarsa, wadda ba zan iya bari ta zauna ba muddin ina da rai. Zan zo kanta a inda ya dace.

Abba malamin gona ne. Na so ya bi sawuna ya zurfafa karatu, domin yana da ƙwaƙwalwar yin haka, amma da ya gama digirinsa sai ya zo ya ce mini, "Baba, kai ka rubuta, ni zan kai musu." Bai ƙara komai a kan wannan ba, ni ma ban ƙara ba. Daga nan ya hau babur ya shiga ƙauyuka. Ya koyi gaisuwa da Gwandara da Eggon da Alago da Migili, har da ta Tibi, duk da cewa yakan karya ta su yi ta dariya. Yakan ce manomi ba zai ji shawarar wanda bai iya gaishe shi ba. Ba a taɓa jin ya nuna wa magidanci kuskurensa a gaban 'ya'yansa ba. In ya ga an dasa iri yadda bai dace ba, sai ya ja mai gonar gefe ya ce, "Ara mini layi ɗaya in gwada wani abu. In ya lalace, ka ce malamin gona ne. In ya yi kyau, ai gonarka ce." Malam Audu ya gaya mini cewa da wuya a sami gona a yankinsu da babu layin Abba a cikinta, kuma yawancin gonakin yanzu duk sun koma irin layin.

Wata shekara ruwa ya yanke bayan an shuka riɗi, wata tsohuwa da ba ta da kowa ta rasa irin da za ta sake shukawa. Abba ya kai mata iri, ya ce mata ragowar gwaji ne da za a zubar. Ita ce ta zo ranar sadakar uku da ƙullin riɗi a leda, ta ce ta san tun a lokacin ƙarya yake yi mata, domin ta ga ledar shagon da ya saya.

Na taso a gidan da uba ba ya sakewa da ɗan fari. Karatun da na yi a ƙasashen waje bai cire mini wannan ba, ban kuma nemi ya cire ba. Abba yana zaune da iyalinsa a babban gidanmu na cikin gari, ni kuma ina zaune ni kaɗai a nawa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa a gefe. Shi yana kallon tabarma, ni ina kallon taga ko littafin da ke hannuna. Mu yi maganar ruwan bana, da ƙwarin da ya shiga rogo, da lafiyar Ummi. Ya gyara mini rediyo in ta lalace, ya ajiye doya ko lemu a bayan ƙofa ba tare da ya ambata ba, ya tafi. Wanda ba ɗan gida ba zai ce babu wata shaƙuwa a tsakaninmu. Ni dai na san cewa tun daga ranar Laraba nake fara sauraron Juma'a.

Ya auri Salamatu yana kusa da shekara talatin. 'Yar Alago ce daga wajen Obi, mai kunya, mai hannun girki. Hausarta ta kasuwar Lafiya ce, takan ce "shi" ga mace da namiji, matan gidanmu su yi ta tsokanar ta. Bayan auren da 'yan shekaru sai Abba, wanda ya tashi siriri, ya fara cika. Kafaɗunsa suka buɗe, muryarsa ta yi kauri, hulunansa suka daina shiga, agogo ya matse masa hannu. Har wushirya ta fito masa, shi da ya tashi da haƙora a haɗe. Gida ya ɗauki murna. Yayata Hajiya Falmata, wadda ta tsaya masa a matsayin uwa bayan rasuwar mahaifiyarsa, ita ce kan gaba wajen yabo.

"Kai, 'yar Alagon nan ta iya kiwo!" in ji ta. "Da kamar sillen kara yake, yanzu dubi, sai ya karkata kafin ya shiga ɗaki."

Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, ni ma ban san inda za a tsaya ba. Tela ya ce daga bana da igiyar rijiya zai riƙa auna ni."

Da salla har turmin atamfa Yaya ta ba Salamatu tukuicin kiwo. Kowa ya yi mata barka, ni ma na ji labari na yi murmushi.

Wata Juma'a na fita yin alwala yana ciki yana jira na. Da zan dawo sai na ga wasu takalma a bakin ƙofa, manya ƙwarai, ɗinkin hannu.

"Abba, da wa kuka zo?"

"Ni kaɗai ne, Baba."

"To takalman wa ne a ƙofa?"

"Nawa ne. Na kasuwa sun daina shiga, sai da na ba mai ɗinki ya yi mini."

Na tsaya a wurin da ruwan alwala a fuskata. Tuwo yana ƙara wa mutum tumbi da wuya, amma ba ya ƙara wa ƙafar wanda ya wuce talatin tsawo da faɗi. Na shiga na zauna, na ce masa, "Ɗago kanka." Ya yi jim, domin rabon da in ce masa haka tun yana yaro. Ya ɗago. Na ga ƙashin goshinsa ya turo, haɓarsa ta fito gaba, hancinsa da leɓɓansa sun yi kauri, yatsunsa kamar saiwar rogo. Na tambaye shi ciwon kai, ya ce yana yi. Na tambaye shi zufa, ya ce har a cikin sanyin asuba. Na tambaye shi barci.

"Salamatu ta ce ina minshari har numfashina ya ɗauke. Ta daɗe tana cewa in je asibiti. Ni nake ce mata gajiyar babur ce."

A nan dole in faɗi abin da na sani, domin shi ne aikin da na ci abinci da shi. Shekaruna na aiki a tsangayar aikin gona ta jami'a da ke Shabu na yi su ina koyar da yadda gaɓoɓin dabba suke aiki, kuma bincikena a kan zuciyar kajin gidan gona ne, waɗannan masu saurin girma da sukan kife su mutu suna tsaka da cin abinci. Zuciya tsoka ce, an gina ta da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Bayan an haifi mutum da ɗan lokaci, waɗannan ƙwayoyi kusan sun daina haihuwar wasu. Saboda haka in aka nemi zuciya ta ƙara ƙarfi, hanya ɗaya gare ta: kowace ƙwaya ta ƙara jiki. Ba ta kuma yin haka da ra'ayin kanta. Sai an aiko mata da saƙo ta cikin jini, kuma masu kai saƙon su ne sinadaran da muke kira homon.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan nama mai girman ƙwayar wake. Shi yake fitar da sinadarin girma. Sinadarin ya bi jini ya je hanta, hanta ta saki wani manzo na biyu, shi kuma ya zagaya jiki. Idan ya isa zuciya yana da ƙofarsa a jikin kowace ƙwaya. Da ya taɓa ƙofar, sai umarni ya shiga ciki daga hannu zuwa hannu har ya kai inda ake tsara aikin ƙwayar, sai ta fara saƙa sababbin zaruruwan tsoka tana jerawa a kan na da. Wannan rahama ce a wurin yaro mai tasowa, da mace mai ciki, da manomin da ke tada kunyar doya tun safe. A wurinsu jijiyoyin jini suna ƙaruwa tare da tsokar, kuma saƙon yana zuwa ne ya ɗauke. Ana girma, a huta.

A jikin Abba ƙari ne ya fito wa ɗan naman nan, ƙari ƙarami wanda ba na ciwon daji ba, sai ya riƙa zubo sinadarin girma dare da rana, shekara da shekaru. Ƙasusuwan tsawo sun riga sun rufe, don haka girman ya koma tafin hannu da ƙafa da fuska, ya koma kayan ciki. Ya kuma jawo hawan jini, shi kuma hawan jini yana tafe da nasa manzannin, wasu daga ƙoda, wasu daga jijiyoyin da ke tashi in mutum ya firgita ko numfashinsa ya ɗauke a barci. Waɗannan umarninsu ya fi muni, domin suna sa ƙwayar ta yi kauri ba tare da an ƙara mata hanyar jini ba, suna kuma sa a cusa wani busasshen zare mai kama da tabo a tsakanin ƙwayoyin. Zuciyar ta yi girma, ta yi tauri, ta kasa sakewa ta karɓi jini yadda ya kamata. Siririyar wutar da ke tsara bugunta kuma sai ta riƙa cin karo da tabo a hanya. Rana ɗaya tana iya rikicewa, ba tare da sanarwa ba.

An tura mu babban asibiti a wani gari. Na tsaya a bayan likita lokacin da yake yawo da na'urar hoto a kan ƙirjin ɗana. Na ga bangon zuciyar a kan allo kafin likitan ya buɗe baki. Na zana irin wannan bango da alli ga ɗalibai aji bayan aji, na yanka irinsa a jikin kaza na ɗora a sikeli. Likitan ya fara yi mini bayani da lallashi, ya waiwayo ya dubi fuskata, sai ya katse bayanin. A ɗakin nan akwai mutane, amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar ranar ba.

Likitocin sun yi abin da ya kamata. Sun ba da magungunan hawan jini da allurar rage sinadarin, sun tsara masa yadda zai ci da yadda zai huta, sun ce za a cire ƙarin ta hanci, amma sai zuciyar ta ɗan lafa yadda za ta ɗauki allurar barci. A hanyarmu ta dawowa ya ce in yi masa bayani kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Na yi, ina kallon titi. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato taki ake ta zubawa, babu wanda ya ce a tsaya," in ji shi.

"Kusan haka ne."

Muka wuce wani ƙauye. Sannan ya ce, "Baba, ina roƙon abu ɗaya. Salamatu kaɗai zan gaya wa. Kada Gwaggo da sauran mata su ji. Za su fara yi mini kuka ina tafiya da ƙafata. Manoma kuma in suka ji za su daina kira na, su ce kada su wahalar da ni."

Na ce na ji.

Watannin da suka biyo baya ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a. Bayan gaisuwa sai ya matso ya miƙo mini hannu ba tare da na tambaya ba, in ɗora yatsuna a wuyan hannunsa in saurari bugun. Wani lokaci bugun yakan yi tsalle ya dawo. Yakan tambaye ni, "Yaya, Baba?" In ce, "Da sauƙi." Shi ya san abin da nake ji, ni ma na san ya sani. Nakan riƙe hannun fiye da yadda aikin yake buƙata, shi kuma bai taɓa janyewa ba. Ya rage tafiye-tafiye amma bai daina ba. Na yi masa magana, ya ce, "Baba, zama ma ba ya hana zuciyar girma. Gara mutuwa ta same ni a inda ake buƙata ta."

Ranar da ya rasu yana nuna wa manoma yadda ake yanka irin doya ƙanana a tsoma a toka kafin a dasa. Malam Audu ya ce ya sunkuya ya dasa ɗaya, ya miƙe, ya ce, "Bari in ɗan zauna." Bai kai ga zaman ba.

Jana'izarsa ta tara mutanen da ban taɓa gani ba. Sun zo a kan babura, wasu da fartanya ɗaure a baya. Kiristocin cikinsu suka tsaya a jikin katanga da huluna a hannu har aka idar da salla, sannan suka bi mu maƙabarta. Masu haƙa sai da suka ƙara wa kabarin faɗi. Na ji wani a bayana yana cewa wannan girma ba na Allah da Annabi ba ne. Ban waiwaya ba, ban kuma ɗauki maganar da nauyi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, yayan Salamatu ya zo daga Obi ya same ni. Mutum ne mai ladabi, ya daɗe yana kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce sun zo neman izini su ɗauke ta ta ƙarasa takaba a gida. Na tambayi dalili. Ya ce tun ranar rasuwar babu wanda ya ci abincin da ta dafa a babban gida. Tana zubawa a kwano ta aika, kwanon ya dawo yadda ya tafi. An hana yara ɗanɗanawa. Ana cewa wani abu ta riƙa zuba wa mijinta a miya domin ta mallake shi, shi ne ya kumbura shi har ya kashe shi. An kuma gaya mata cewa in za ta tafi ta tafi, amma Ummi 'yar gida ce, a nan za ta zauna.

"Baba, ita ba ta ce komai ba," in ji shi. "Ta ce mijinta ya hana ta faɗin wata magana, kuma ba za ta faɗa ba. Mu ba mu san maganar ba. Amma ba za mu bar ta tana ramewa a cikin mutane ba."

Na roƙe shi ya ɗan saurara mini. Da ya fita na zauna da alkawarin da na yi wa ɗana a mota. Ya nemi shiru ne domin a bar shi ya yi aikinsa, kuma an bar shi ya yi har ƙarshe. Yaron da ba ya kunyata manomi a gaban 'ya'yansa ba zai yarda a raba matarsa da 'yarta da sunan kisan kai ba. Na aika babban gida cewa zan ci abincin rana a can, kuma Salamatu ce za ta dafa.

Da na isa na ce a shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, a gindin mangwaro. Matan gida suka leƙo daga ɗakuna. Yaya Falmata ta fito tana dogara sanda. A duniya ita kaɗai ta rage da ke kira na da sunana.

"Bukar, lafiya? A tsakar gida za ka ci abinci kamar yaron goye?"

"Zauna, Yaya. Ku ma ku matso, magana zan yi."

Na gaya musu komai, daga takalma har zuwa asibiti. Na ce su ɗauka ɗaki ne na ƙasa da ake yi wa yaɓe ta ciki kowace shekara ba a fasawa. Daga waje za a ce ɗaki ya yi ƙarfi, a ciki kuwa wurin shimfiɗa yana ƙarewa. Haka zuciyar Abba ta zama.

"To ba ga shi ba," in ji Yaya, "kai da bakinka ka ce wani abu ne ya shiga jininsa."

"Daga cikin kansa ya fito, Yaya. Bai bi ta tukunya ba."

"Ku dai 'yan boko kowace mutuwa sai kun raɗa mata suna. In haka ne, me ya sa bai kumbura ba sai da ya aure ta?"

"Ciwon a irin shekarun nan ya fi tasowa. Da 'yar ɗakinki ya aura, ko da bai yi aure ba sam, haka zai zama. Ita ce ma ta fara cewa ya je asibiti, tun muna yi mata barka."

Ta sunkuyar da kai. Da ta sake magana muryarta ta canja.

"Ni na goya yaron nan. Ni na yi jinyarsa da ya yi ƙyanda. Yana ciwo wata da watanni, ku uku kuka sani, ni ina nan ina yi masa wasan ƙiba."

"Shi ya roƙa. Ya ce ba zai iya ganin kukanki ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can aka kawo abinci, sakwara da miyar agushi. Salamatu ba ta fito ba, tana bayan labulen ɗakinta, domin ba ta taɓa zama a inda nake zaune ba. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na ci a gaban kowa. Na ci a hankali, ban ɗaga kai ba. Can sai na ji sandar Yaya ta jawo kwanon miya zuwa gabanta.

"Kawo in ji abin da ya fito da Farfesa tsakar gida."

Ta gutsuri sakwara ta tsoma ta kai baki. Ta yamutsa fuska.

"Wannan miya fa? Ko ƙwayar gishiri babu! Wannan ce ake cewa ta iya girki?"

Ni ma na ji haka tun lomar farko, amma na ɗauka bakina ne, domin tun rasuwar ban ji ɗanɗanon komai ba. Sai murya ta fito daga bayan labule, a hankali.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Tun likita ya ce shi bar gishiri, ni ma na bari. Ni da shi haka muna ci, don kada shi ji shi kaɗai ne. Yau na ɗauko zan sa, hannuna bai yarda ba."

Wata daga cikin matan ta miƙe za ta ɗauko gishiri, Yaya ta ɗaga mata hannu ta koma ta zauna. Ta sake gutsurar sakwara ta ci, ta sake. Hawaye yana sauka a kan hannunta, ba ta share ba.

"Ke Salamatu," in ji ta, "fito ki zauna. Kin maƙale a bayan labule kamar baƙuwa. Ina Ummi? A zuba mata, yarinya tun safe ba ta ci komai ba."

Yayan Salamatu ya koma Obi shi kaɗai. Tana nan a ɗakinta tana takaba, 'yarta tana kwana a jikinta. Amma magana in ta fita gida ba ta dawowa duka, kuma na san ta kai wasu unguwanni. Saboda haka nake rubutawa da sunan uban mamaci, da kuma ɗan abin da Allah ya sanar da ni na ilimi: babu hannun kowa a mutuwar ɗana. Matarsa ta riƙe amanarsa yana raye, ta riƙe ta bayan ya mutu har ta kusa rasa 'yarta a kanta. Wanda ya faɗi wani abu saɓanin haka ya nemi gafararta tun suna duniya. Wanda kuma ya ga babban mutum a gidansa hula da zobe suna daina shigar sa, kafin a yi barka a kai shi wurin likita.

Ya Allah, ga bawanka Mustafa ya zo gare Ka, Kai ne mafi sanin sa fiye da ni da na haife shi. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya ciwon da ya ɗauka bai yi ƙorafi ba ya zama kankarar zunubansa. Ka sanya duk abin da ya tsiro a gonakin da ya taka ya zama sadaka mai gudana gare shi. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna Firdausi.

Ya Allah, Ka ba Salamatu haƙuri da lada, Ka musanya mata da alheri, Ka tsare mata mutuncinta. Ka raya Ummi a kan imani, Ka ba ta lafiyar jiki da ta zuciya, Ka sa ta ji labarin mahaifinta daga bakin masu ƙaunarsa. Ka sanyaya zuciyar Yaya Falmata da ta ƙannensa, Ka saka wa manoman da suka ɗauke shi da hannuwansu. Ni kuma da na zaci shi zai tsaya a kan kabarina, Ka ba ni ikon ɗaukar abin da ya rage mini na kwana ba tare da na faɗi abin da ba Ka so ba. Idan lokacina ya yi, Ka sa in cika da imani, Ka kai ni inda yake. Amin.